Amsa: Haɓar ɗiyata ta karkace, muƙamuƙinta na ƙara

Hajiya, sannu da fama. Kin ce ɗiyarki mai shekara 14 haƙoranta na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa daidai, haɓarta ta karkata hagu, kuma muƙamuƙin na yin ƙas idan tana tauna.

Gaɓar muƙamuƙi guda biyu ce, dab da gaban kowane kunne, tare suke aiki. Idan haƙoran gefe ɗaya sun cije a karkace, yaro kan zame muƙamuƙinsa gefe kafin bakin ya rufu. Da yake ƙashi na girma, gefe ɗaya na iya fin ɗaya tsawo. Wani lokaci kuma akasin haka ne, ƙashin ne ya fara girma fiye da kima, haƙoran suka bi shi. Shi ya sa sai an ɗauki hoton ƙashi.

Ƙarar kaɗai, in babu ciwo, ba abin tsoro ba ce, mutane da yawa suna da ita. Karkacewar da ke ƙaruwa ita ce abin dubawa, tun tana girma. Ki kai ta sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, ki nemi likitan daidaita haƙora. Kafin nan ta rage cingam, aya da kilishi, ta daina tauna da gefe ɗaya.