Amsa: Wai Petula Clark Bafaranshiya ce?

Malam, ka ce ka ji ta tana waƙa da Faransanci. A'a, 'yar Ingila ce, an haife ta a 1932, Bafaranshe dai ta aura. Tana 'yar shekara 9 aka fara jin muryarta a rediyon BBC, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu. Ta yi finafinai, amma waƙar Downtown ta 1964 ce ta buɗe mata Amurka.

Ni abin da ya fi burge ni na 1968 ne. Tana waƙa a talabijin a Amurka da mawaƙi Harry Belafonte, baƙar fata, sai ta dafa hannunsa. Wakilin masu ɗaukar nauyin shirin ya ce a sake ɗauka don kada a ga farar fata ta taɓa baƙar fata, ita kuwa ta ƙeƙashe ƙasa ta ƙi. Haka aka haska shi.

Ko a 2019 tana kan dandamali a Landan.