Hukuncin barin Windows na bogi a koma Linux ga mai shagon kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a Kano. Windows 10 ne a kan injinan shagon, kuma gaskiya ba saye na yi ba, irin wanda ake fasawa ne. Shi nake saka wa masu kawo laftof ina karɓar kuɗi. Yanzu an daina sabunta shi, injinana kuma tsofaffi ne, ba sa ɗaukar Windows 11. Yaron shagona ya ce mu koma Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, tunda kyauta ne. Wani abokina ya ce kar na wahalar da kaina, ilimi ba a mallakarsa, kamfanin Microsoft mai Windows ɗin kuma ba na Musulmi ba ne, shi Linux ɗin ma ba masu imani ne suka yi shi ba. Ya halatta na koma? In na saka wa mutane abin kyauta na karɓi kuɗi, ban ci haram ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Komawa Linux halal ne babu ja. Addinin wanda ya ƙera kaya ba ya haramta kayan, kuma wayar Android da ke aljihunka a kan Linux aka gina ta. Kuɗin sakawa ma halal ne, ladan aikinka ne da lokacinka, ga shi lasisin da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya ɗora shi a kai, wato GPL, ya ba kowa izinin kwafa da gyarawa har da sayarwa, muddin bai tauye wa na gaba wannan 'yancin ba.

Abin da ya tsayar da ni a tambayarka, ɗan'uwa, shi ne wanda ka faɗa a wuce: kana saka wa mutane fasasshen Windows kana karɓar kuɗi. Ɗalibin da ya kwafi manhaja don karatunsa, ba shi da halin saye kuma bai san wata ba, akwai malaman da suka yi masa rangwame. Kai ka mai da abin sana'a, kuma yanzu ka san akwai halastacciyar hanya. Ga mai asalin lasisi, komawa Linux zaɓi ne kawai. A wajenka barin na bogin wajibi ne, ko ka sayi lasisi ko ka koma wanda masu shi suka yi izini.

Maganar abokinka ta yaɗu cikin matasanmu masu wannan sana'a, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Hadisin da ake kafa hujja da shi, na wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta, yana magana ne a kan ilimin da mai tambaya yake buƙata ga addininsa. Kamfanin bai hana kowa koyon rubuta manhaja ba. Abin da ya hana shi ne a ɗauki aikin da ya biya dubban ma'aikata suka yi shekara da shekaru, a raba ba da yardarsa ba. Masu cewa "ai ban rage masa komai ba, nasa yana nan" sun manta cewa a wajen Malikiyya da jumhur amfani shi kansa dukiya ne. Wanda ya zauna a gidan haya ya ƙi biya bai cire bulo ko ɗaya ba, amma ya ci haƙƙi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kariya ne a shari'a, ba ya halatta a keta shi. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ma ya hana kwafar manhajar da masu ita suka hana, ko Musulmi ne ko wanda ba Musulmi ba da ba a yaƙi da shi.

Ita kuwa hujjar cewa dukiyar kafiri ce, ta fi ta farko muni. Annabi (SAW) ya bar Makka mutanenta na neman ransa, amma ya bar Aliyu ya mayar musu da ajiyarsu. Mugira ɗan Shu'uba ya yaudari abokan tafiyarsa mushirikai ya kwashe dukiyarsu kafin ya musulunta, Annabi ya karɓi musuluncinsa ya ce babu ruwansa da dukiyar, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Ganima tana da shugaba da fagen fama da ƙa'idojin rabo, mai shago ba ya yanke wa kansa ita a bayan kantar shagonsa. Wanda yake jin zafin wani kamfani saboda tsadarsa ko manufofinsa, hanyarsa ita ce ya ƙaurace wa kayansa, ga Linux nan. Amma ka ce ka tsani kamfani, sannan ka ci gaba da yaɗa kayansa a kowace laftof ta unguwa, wannan ba ƙauracewa ba ce. Ka kuma lura da yadda abokin naka ya halatta maka na sata don masu shi kafirai ne, ya ƙyamatar maka da na halas da wannan dalilin dai.

Kuɗin baya kuwa, ka tuba ka daina. Mafi yawansa ladan gyara ne da wahalarka. Ina ba ka shawara ka kintata abin da ya shigo ta hanyar sakawar kawai ka yi sadaka da shi gwargwadon hali, kada kuma waswasi ya sa ka ɗauki duk jarin shagon haram.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Saka sabuwar manhaja yana iya shafe duk abin da ke cikin inji. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa masu sana'a suna lamunin abin da aka bar musu a hannu, don haka in ka goge wa ɗalibi kundin bincikensa ko ɗan kasuwa lissafinsa, haƙƙin yana wuyanka. Ka fara kwashe masa kayansa a wani wuri, kuma kada ka buɗe hotunan iyalin mutane, ka ja kunnen yaronka a kan wannan sosai. Kada ka canza wa kowa sai ka gaya masa gaskiya. Fuskar Linux Mint ta yi kama da ta Windows, wanda bai sani ba zai iya tafiya gida kafin ya gane. Sayar masa da laftof a haka ba tare da bayani ba algus ne.

Kai ma kada zumuɗi ya sa ka juye duk injinan rana ɗaya. CorelDRAW da kuke yin katin biki da fosta da shi ba shi da sigar Linux a yanzu, Inkscape kuma, wanda ake irin wannan zanen da shi a Linux, sai an zauna an koya. LibreOffice, manhajar rubutu ta kyauta da ke zuwa da Linux Mint, yana buɗe takardun Word, amma wani lokaci tsarin shafi yakan goce, kwastoma kuwa ba zai saurari uzuri ba. Ka gwada Linux ɗin daga filash tukuna ba tare da ka saka ba, ka ga ko firintarka da na'urar sikan za su yi aiki. In akwai aikin da ba makawa sai da Windows, ka ware inji ɗaya ka saya masa lasisi na gaskiya, shi da manhajojin da ke kansa. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta ga kowa da kowa, alhali mutane suna shigar da lambobin bankinsu da bayanan jarrabawarsu a injinanka, saboda haka kada ka ja lokaci.

Yaron da ya kawo shawarar kuma ka ba shi dama ya koya da kyau, ka ƙara masa wani abu a kan abin da kake ba shi. Wallahu a'alam.