Amsa: ƙidayar kifin masu fatsa a tafkin Gidimuni da ke jihar Damagaram, Nijar

Malam, ka tambayi yadda ake tattara bayanai daga masu fatsa bayan damina. Fara da gaida sarkin ruwa, ya gabatar da kai. In ba haka ba za a ɗauke ka mai karɓar haraji, a ɓoye kifin. Ka tsaya mashigar tafkin lokacin tashinsu daga fatsa. Kowane mutum ka rubuta awa nawa ya yi, ƙugiya nawa, wane koto. Ware karfasa da tarwaɗa, ka auna tsawonsu a jiƙaƙƙen allo, daga baki zuwa wutsiya. Wanda bai kama komai ba ma ka rubuta sifiri, wajibi ne: tsallake shi ke kumbura lissafi. Ka riƙa sauya ranaku, kada Lahadi kaɗai.