Likita ya ce magani ya ƙare, me zan bar wa 'ya'yana?

Assalamu alaikum Anti. Ina yi miki fatan alheri, Allah ya saka miki bisa ga hidimar da kike yi wa jama'a.

Ni mace ce mai shekara 63, mijina ya daɗe da rasuwa, kuma ina da 'ya'ya biyar, maza uku da mata biyu, dukansu suna gidajensu. Na yi aikin koyarwa a makarantar firamare har na yi ritaya. Bara aka gano ina da ciwon daji na nono, aka yi mini aiki, aka yi ta ƙarin ruwan magani da gashi, har muka fara sa rai cewa an shawo kansa. A watan da ya wuce likita ya zaunar da ni tare da babban ɗana, ya shaida mana cewa ciwon ya kai ƙashi da hanta, kuma abin da ya rage a hannunsu shi ne su rage mini zafi. Na gode wa Allah, na kuma san rai da ajali a hannunsa suke, amma jikina yana gaya mini abin da likitan ya faɗa.

Tun daga asibiti ɗan nawa ya roƙe ni kada mu gaya wa ƙannensa, musamman autata da take da tsohon ciki. Yanzu duk wanda ya zo dubiya sai ya ce mini sauƙi yana nan tafe, ni kuma in ce amin, alhali ina da maganganun da nake so in faɗa musu tun ina da hankalina. Ban da wannan, tsoro yana kama ni da dare, in tuna kabari da tambaya, in kasa barci. Na taɓa jin wani mai wa'azi yana cewa mumini na gaskiya ba ya tsoron mutuwa, shi ya sa nake zargin ko imanina ne ya yi rauni. Salla ma a zaune nake yinta, wani lokacin a kwance, kuma maganin zafin yana sa ni barci har lokaci ya wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne ban tara abin da zai bi ni ba. Na daɗe ina burin gina masallaci ko haƙa rijiya, amma abin da na mallaka shi ne gidan da nake ciki, da ɗan gwal, da abin da ya rage na kuɗin sallama. Akwai matan unguwa da nake biya wa karatun Alƙur'ani bayan la'asar, su ma na sallame su tun da jiki ya yi nauyi. Akwai kuma 'yar ƙanena marigayi da na riƙe tun tana goye, yanzu shekararta 16, kuma an gaya mini ba ta da gadona. Na yi tunanin in mallaka mata gwal ɗin da ɗaki ɗaya a gidan tun yanzu ba tare da kowa ya sani ba. A ƙarshe, ina da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya wadda muka daina magana tun rabon gonar mahaifinmu, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Ki ba ni shawara don Allah, ina so in cika da imani, in kuma bar wa 'ya'yana abin da zai amfane su a wurin Allah.

Wata uwa daga Zariya

Wa'alaikumus salam Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya sa wannan ciwo ya zama kaffara, ya sassauta miki zafinsa. Ba zan yi miki irin maganar masu dubiya ba, tun da kin nuna cewa gaskiya kike nema. Likita ya faɗi iyakar abin da ilminsa ya kai, ranar kowa kuma Allah kaɗai ya sani, kamar yadda ƙarshen Suratu Luƙman ya tabbatar cewa babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Amma shiri wajibi ne, kuma Allah ya yi miki wata falala da ba kowa yake samu ba, wato lokacin yin shirin kina cikin hayyacinki.

Tsoron da kike ji ba alamar raunin imani ba ne. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya so haɗuwa da Allah, Allah zai so haɗuwa da shi, Nana A'isha da kanta ta ce masa ai dukanmu muna ƙin mutuwa. Bai zarge ta ba, sai ya bayyana mata cewa abin da ake nufi shi ne lokacin da aka yi wa mumini bushara da rahamar Allah da yardarsa da Aljannarsa, a nan ne yake son haɗuwar. Shi kansa Manzon Allah, a ciwonsa na ƙarshe, yana tsoma hannunsa a ruwa yana shafa fuskarsa yana cewa lallai mutuwa tana da magagi. Idan Uwar Muminai ta faɗi haka ba a ce imaninta ya yi rauni ba, to ki daina tuhumar kanki. Abin da ake so daga mai jinya shi ne fatan rahama ya rinjayi tsoro. Jabir ɗan Abdullahi ya ji Manzon Allah, kwana uku kafin wafatinsa, yana cewa kada ɗayanku ya mutu face yana kyautata wa Allah zato. Idan dare ya yi miki nauyi, ki sa a karanta miki aya ta 53 ta Suratuz Zumar, inda Allah ya hana bayinsa yanke ƙauna daga rahamarsa, da ayoyin ƙarshe na Suratul Fajri. Ki kuma nemi wani ya riƙa kwana a ɗakinki, domin kaɗaici yana ƙara wa tsoro ƙarfi.

Batun salla mai sauƙi ne. Manzon Allah ya umurci Imrana ɗan Husaini, da yake fama da ciwo, ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Idan ruwa yana wahalar da ke ki yi taimama, idan barci ya ɗauke ki, ki yi sallar da zarar kin farka. Ya kuma tabbata cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa yana lafiya. Kada ki rage maganin zafi da kanki don gudun barci; ki gaya wa likita, domin sau da yawa ana iya gyara adadin ko lokacin shansa.

A kan ɓoye wa 'ya'yanki kuwa, ra'ayina ya saɓa da na babban ɗanki, ko da yake na san tausayi ne ya sa shi. Ciwon naki ne, maganar ma taki ce, kuma shirun nan yana hana ki abin da kika fi bukata. Manzon Allah bai ɓoye wa Nana Faɗima ba. Ya kira ta a ciwon da ya yi wafati a cikinsa ya raɗa mata cewa ba zai tashi ba, ta yi kuka, sannan ya sake raɗa mata cewa ita ce farkon wadda za ta riske shi daga cikin iyalinsa, ta yi dariya. Kukan da 'ya'yanki za su yi a gabanki, kina rarrashinsu kina sa musu albarka, ya fi musu sauƙi a kan nadamar da za ta zauna da su idan suka gano daga baya cewa an hana su damar neman gafararki da yi miki hidima da sanin abin da ake ciki. Akwai kuma haɗarin su riƙe yayansu a rai, kuma wannan ba gadon da uwa take so ta bari ba ne. Ki fara zama da shi ki fahimtar da shi, sannan ki kira su ɗaya bayan ɗaya. Autarki ki bar ta a ƙarshe, a nemi shawarar likitarta, a gaya mata a hankali mijinta ko yayarta na kusa, amma kada a jinkirta da yawa.

Idan kun zauna, ki tuna da Annabi Yaƙubu. A aya ta 133 ta Suratul Baƙara, lokacin da mutuwa ta zo masa, tambayar da ya yi wa 'ya'yansa ita ce me za su bauta wa a bayansa. Irin wannan wasiyyar ba ta bukatar dukiya. Ki yi musu magana a kan salla, da cin halal, da riƙon junansu, amma kada ki tsaya ga nasiha ta bai ɗaya. Ke kika haife su, kin san wanda yake da zafin rai, kin san wadda take sakaci da ibada, kin san wanda yake da buɗi amma hannunsa ba ya kai wa ga 'yan'uwa. Ki gaya wa kowa nasa a keɓe, cikin taushi, ki fara da abin da kika yarda da shi a halinsa. Idan hannunki yana iya riƙe alƙalami ki rubuta, idan kuwa ba ya iyawa, a ɗauki muryarki a waya domin jikokin da ba su yi wayo ba, har da wanda yake ciki.

Kin ce ba ki tara abin da zai bi ki ba, kuma a nan ne nake ganin kin rage wa kanki. Hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito ya ambaci abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi wa mahaifi addu'a. Masallaci da rijiya suna cikin na farko ne kawai. Ke da kika ƙare ƙuruciyarki kina koya wa yara karatu da rubutu, kika kuma koya wa matan aure Fatiha da ƙananan surori da suke salla da su kullum, kina da rabo babba a na biyu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta rasu a 1864, kuma abin da aka fi tunawa da ita shi ne 'Yan Taru, wato matan da ta horar ta naɗa musu shugabanni mata da ake kira jajoji, suna kai ilimi ƙauyuka, har aikin ya ci gaba bayan ranta. Saboda haka ina roƙonki kada karatun la'asar ɗin nan ya mutu. Ki kira matan su dawo, ki zaɓi wadda ta fi su karatu ki ɗora ta a gabanki, ke kina kishingiɗe kina gyara mata, ki kuma bar musu Alƙur'anan da kike da su. Idan an samu rarar kuɗi, kina iya sa hannu a ginin wani masallaci ko gyaran rijiyar unguwa gwargwadon ƙarfinki, ba dole sai kin gina ke kaɗai ba.

Game da 'yar riƙonki, niyyarki mai kyau ce, amma ɓoyon zai cutar da ita. Gaskiya ne ba ta cikin magada, kuma saboda haka ne ma wasiyya ta halatta gare ta, tun da ba a yi wa magaji wasiyya. Iyakar wasiyya sulusi ne na dukiya. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwo mai tsanani a Makka a shekarar Hajjin Ban-kwana, ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku aka hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, aka yarje masa sulusi tare da gargaɗin cewa sulusin ma da yawa, domin barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Sa'adu ya rayu fiye da shekara 40 bayan haka, don haka kada wani ya ce miki maganar wasiyya kiran mutuwa ce. Ki kuma sani cewa a wurin mafi yawan malamai, kyautar da mutum ya yi a cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi sai da yardar magada. Idan kika ba ta a ɓoye, kin bar marainiya mai shekara 16 da rigimar da ba za ta iya ba. Ki kira malamin da ya san ilimin gado, a ƙiyasta abin da kika mallaka, a rubuta abin da kika ba ta a gaban shaidu biyu adalai da 'ya'yanki, kowa ya sa hannu. A takardar nan ki rubuta bashin da ake binki da wanda kike bi, har kuɗin adashi da ajiyar mutane, domin bashi ana biyansa kafin wasiyya da gado. Ki kuma faɗi a bayyane wanda zai riƙe ta har ya aurar da ita.

Saura ƙanwarki. Ba ki faɗi wa yake da gaskiya a rabon gonar ba, ni ma ba zan tambaya ba, domin Manzon Allah ya ce mafi alherin masu gaba shi ne wanda ya fara sallama. Ya kuma yi umurni cewa duk wanda ya san akwai haƙƙin ɗan'uwansa a kansa ya nemi warware shi tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami. Idan kin san wani abu nata ya shigo hannunki, ki mayar ko ki rubuta shi cikin bashi. Idan naki ne yake wurinta kuma zuciyarki ta iya, ki yafe ki kuma faɗa wa 'ya'yanki kin yafe, don kada su tayar da maganar a bayanki. Ba sai kin tsara doguwar magana ba. Ki tura babban ɗanki ya je har gida ya gaishe ta, ya gaya mata halin da kike ciki, ya ce yayarta tana son ganinta. Idan ta zo, alhamdu lillahi. Idan ta ƙi, kin sauke nauyin da yake kanki, kuma ki ci gaba da aika mata gaisuwa. Wannan aiken shi nake so ki fara yi a cikin makon nan, tun kafin zaman wasiyyar, domin ita ma tana bukatar lokaci kafin zuciyarta ta sauko.

Allah ya ba ki sauƙi, ya sa mu cika da imani baki ɗaya.