Kirifto: me ya ƙara a kan tiransifa?

Tambaya: Malam, ni mai sayar da yadi ne a Kantin Kwari. Tiransifa da POS sun wadatar da ni, amma ƙanena ya matsa in zuba jarina a kirifto, wai wani kamfani zai riƙa juyawa yana ba ni riba duk wata. Akwai wata buƙatar da wannan kuɗi ke biya kuwa? Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Alhaji, in dai karɓar kuɗin yadi ne, tiransifa ta ishe ka. Amfanin Bitcoin, mafi shahara a cikin kuɗaɗen intanet da ake kira kirifto, shi ne ba banki ke riƙe da shi ba, kuma ba gwamnatin da za ta buga ƙari a kan miliyan 21 da aka ƙayyade. Mutanen Lebanon da bankuna suka hana cire dalolinsu tun 2019 sun san darajar hakan. Mu ma mun ɗanɗana: dala tana wajen naira 460 a tsakiyar 2023, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Sai dai farashin Bitcoin ba tabbas, ya taɓa gangarowa daga kusan dala 69,000 zuwa 16,000 cikin shekara guda. Shi ya sa masu sayo kaya daga Sin suka fi riƙon USDT, wani kirifto da darajarsa ke bin ta dala, duk da shi ma kamfanin Tether da ke fitar da shi na iya daskarar da shi.

Maganar ƙaninka ce ta fi damuna, don kullum sai na ji irinta. Kirifto ba ya haihuwa. Bitcoin ɗaya da ka ajiye, ɗaya za ka tarar baɗi. To ribar wata-wata daga ina? Daga aljihun wanda ya shigo bayanka! Haka MMM ta yi da mutane a 2016. Ita ma manhajar zuba jari ta CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, a Afrilun 2025 aka wayi gari ba mai iya cire ko sisi. Abin da ke ƙona mini rai, masu tallar nan har da rantsuwa da hoton alat suke yawo a WhatsApp, kuma ɗan'uwa ne ke jawo ɗan'uwa, shi ma bai san an ci da shi ba. Wanda ya miƙa kuɗinsa ga kamfani ya zubar da fa'idar nan guda ta kirifto, ya koma hannun wani, wanin da ba ofishin da za ka je ka same shi.

Kira ƙanin naka yau, ka tambaye shi a hannun wa kalmomin sirrin walat ɗin suke, wato mabuɗin asusun da ake ajiye kirifton a ciki. In ya ce na kamfani ne, kada ka tura ko naira ɗaya.