Lambar da ke jikin boila ba ta ɗaki ba ce

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya muna dawowa daga Bradford ban amsa ta da kyau ba, hankalina yana kan titi. Ka ce matar nan ta kira mu tana kukan kuɗin gas ya yi mata yawa, ni kuma ko kusa ɗaya ban canja ba, abu guda na murɗa a jikin boila, na'urar gas da ke ɗumama gida, na ce mu tafi. Har ka ce kamar mun ci kuɗinta a banza. To, ga abin da na murɗa.

Lambar da ka gani a fuskar boila, digiri 80, zafin ruwan da ke fita zuwa lagiretocin bango masu ɗumama ɗakuna ne. Na mayar da ita 60. Tun 2005 dokar Ingila ta ce kusan duk boilar gas da za a girka a gida sai ta zama mai tatsar zafi daga tururi. In gas ya ƙone, hayaƙinsa cike yake da tururin ruwa. Tsohuwar boila watsar da shi take yi waje da zafinsa. Sabuwar kuwa tana yin abin da murfin tukunya ke yi: tururi ya bugi ƙarfe mai ɗan sanyi, ya koma ɗigon ruwa, ya bar zafinsa a jikin ƙarfen. Ruwan da ya zaga gida ya dawo shi ne ke sanyaya ƙarfen, kuma sai ya dawo ƙasa da digiri 55 ko kusa da haka kafin tururin ya yi raɓa. In ka tura ruwa a 80, zai dawo yana 60 ko fiye, babu raɓar da za a yi. Ka ga an sayi sabuwar boila ana mata aikin tsohuwa, zafin da aka biya kuɗinsa yana bin bututun hayaƙi.

Amma kada ka murɗa ka fita ba ka yi wa masu gida bayani ba, in ba haka ba da daddare za su kira ka su ce ka lalata musu boila. Lagireto ba zai ƙara ƙona hannu ba, ɗumi kawai zai yi, kuma gida zai fi daɗewa kafin ya ɗauka. Shi ya sa na gyara wa matar agogon boilar, ya riƙa kunnawa rabin awa kafin ta tashi. In Janairu ta zo da tsananin sanyi, tsohon gida mai ƙananan lagiretoci ya kasa ɗumama, ta ƙara zuwa 65 ko 70, in sanyi ya lafa ta sauke. Babu laifi a nan.

Wannan fa a kan kombi nake magana, wadda ke dafa ruwan wanka nan take. Gidan da ke da tankin ruwan zafi daban yake. Ruwan tanki dole ya kai 60 saboda ƙwayar cutar Legionella, kuma boilar da ke tura 55 ba za ta kai shi can ba. Ka fara leƙa kabad ka ga ko akwai tanki kafin ka taɓa komai.

Sai tamostat na bango, wanda mutanenmu suka fi wahalarwa. Wanda ya sauko daga Kano cikin hunturun nan, da ya shigo gida yana rawar ɗari sai ya kai shi 30, wai don ya yi sauri. Ni ma na yi, shekarata ta farko. Tamostat na yau da kullum ba totur ba ne. Iyaka kawai yake faɗa wa boila, in ɗaki ya kai kaza ki tsaya. Ko 20 ka sa ko 30, gudun ɗaya ne, sai dai na 30 ba zai tsaya ba har a buɗe taga. Tsakanin 18 da 21 ya ishi yawancin gidaje.

Bawul mai lamba da ke gefen lagireto shi ma iskar ɗaki yake aunawa, lamba 3 wajen digiri 20 ke nan. In labule ya rufe shi, zai ji zafi ya kulle alhali ɗakin da sanyi. Ɗakin da ba a kwana a sauke shi zuwa 1 ko 2 a rufe ƙofa. Ɗakin da tamostat yake kuwa a bar bawul ɗinsa a buɗe gaba ɗaya, don in ya kulle da wuri, tamostat zai yi ta kiran boila tana ci ba ƙarshe.

Gobe ka zo da ma'aunin zafi mai maƙalawa, za ka sa shi a bututun dawowa a gidan farko da muka shiga ka karanta mini da bakinka. Murfin boila dai ka bar mini shi har ka samu rajistar Gas Safe, izinin aikin gas na ƙasar nan.