Ni ma zan ci arziki kamar Steve Lukather?

Tambaya: Malam shekara uku ina kaɗa wa mawaƙa jita a situdiyo, sunana bai taɓa fitowa ba, kuɗi ma sai a hankali. Wani furodusa ya ce in yi haƙuri in ci gaba da yi kyauta, wai Steve Lukather waƙar Michael Jackson ɗaya ce ta azurta shi har yau. Ina tsoron ko ɓata lokacina nake.

Amsa: Furodusan nan wayo yake maka, kuma na gaji da jin wannan tatsuniya. Gaskiya ne Lukather, makaɗin jita ɗan Los Angeles da aka haifa 1957, ya kaɗa a faifan Michael Jackson mai suna Thriller na 1982, a waƙar Beat It shi ya riƙe jitar da ke ɗauke da waƙar har da jitar bes. Amma wurin nan na tsakiya da jita ke kuka ita kaɗai wani makaɗin ne, Eddie Van Halen, shi kuwa ko sisi bai karɓa ba, amma ya riga ya yi suna da kuɗi da ƙungiyarsa. Kai fa?

Makaɗin haya kuɗin zama ake biyansa. A Amurka ƙungiyar makaɗa ta yanka farashi, zaman awa uku kaza ne, gwanaye su ninka, ka kaɗa ka naɗe wayarka ka saɓa jaka ka wuce situdiyo na gaba. Mafi yawan kuɗin da ke ta ɗiga shekara da shekaru na wanda ya rubuta waƙar ne da kamfanin da ya mallaki faifan, ko waƙa ta zaga duniya sau goma kai naka ya ƙare tun ranar, to wanda bai karɓi na ranar ba me ya rage masa? Sai "Allah ya saka". Haba.

Abin da ya tsayar da Lukather shi ne duk kiɗan da aka ajiye masa zai shiga, ya yi wa Lionel Richie ya yi wa Olivia Newton-John, sannan bai tsaya a haya ba. Da shi aka kafa ƙungiyar kiɗa ta Toto a 1977, da shi aka rubuta Turn Your Love Around ta George Benson da ta ci lambar yabo ta Grammy a 1983, nan sunansa na cikin marubuta. Tun 2012 kuma yana yawon kiɗa da Ringo Starr, tsohon mai gangar ƙungiyar Beatles.

Kafin ka jona jita a amfilifaya a faɗi kuɗinka, a rubuta ko a WhatsApp ne. In kuma kai ka ƙirƙiro karin da waƙar ta hau kai, ka ce a sa sunanka cikin marubuta tun kafin a sake ta.